Ɗan Abin da Ya Rage a Ƙasan Kwalbarki

Zuwa ga Falmata, wadda unguwa take kira Ya Fanna, wadda ni kuma ban taɓa iya kiran sunanta a gaban mutane ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamace ki. A makaranta an koya mana cewa wasiƙa da tambayar lafiya take farawa, ni ma na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane haka, da alli a hannu. To ke yanzu ba a tambayar lafiyarki, sai dai a roƙa miki rahama. In kuwa tawa kike son ji, ƙalau nake irin ƙalau ɗin tsohon gida: yana tsaye, ba kowa a ciki.

Autarki Yagana ce ta buɗe min wannan shafi a waya, wai in riƙa rubutu ko na rage zaman shiru. Na san akwai masu leƙowa, tsofaffin ɗalibaina da wasu da ban sani ba. Su karanta in sun ga dama. Ba da su nake ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ko in ce na ɗauki waya. An sa ranar auren autarki. Bayan damina za a ɗaura, in Allah ya kai mu. Yaron da za ta aura ba laifi, yana gaida mutane, yana cire takalmi tun daga zaure. Ba a kansa zan yi miki magana ba. Yagana ta roƙe ni abu guda, abin da bai kai cikin tafin hannu ba, ni kuwa na ji kamar gidan nan ta ce in ba ta. Ƙasan kwalbar turarenki take so.

Kafin in gaya miki yadda muka ƙare, bari in yi faɗan da ban samu na yi da ke ba.

Kin tuna ɗakinmu na farko, na haya, a cikin Yerwa, tsohon garin Maiduguri? Ni baƙo ne daga Kano, sabon malamin sakandare, da takardar jami'a da takalmi mai ƙara. Ina sayen jarida kullum, ina tsayawa wurin mai tsire, in aboki ya zo sai ya ci kaza. A ganina wanda ya yi karatu irin nawa ya wuce lissafin cefane. Ke kuwa 'yar manoman Konduga ce da ta tashi a birni a hannun gwaggonta, kin shigo da kasko da kwalba da idon da ba abin da ke wuce shi.

Tun a satin farko na ga kin auno shinkafa, kin kai bakin tukunya, sai kika damƙi cikin hannu guda kika mayar a wani buhu daban. Na ɗauka tsakuwa kika gani. Washegari kika sake, da gero. Da na tambaya kika ce ciki ba ya sanin an rage masa cikin hannu, amma buhu yana sani.

Daga nan na fara ganin sauran. Garwashin girki ba ya mutuwa a banza, in kin sauke tukunya sai ki binne shi a yashi, gobe ya sake aiki. Ruwan wankin shinkafa na zogale ne. Lokacin da tumatir ya yi arha sai rufin ɗaki ya yi ja da kauɗa, ga kuɓewa, ga yakuwa, duk a shanye. Wuyan rigata in ya cinye ki farke ki juya shi, in fita kamar na yi sabuwa. Sabulu kuwa ban taɓa ganin ƙarshensa a gidanki ba. In ya sirance sai ki manna shi a bayan sabo, su haɗe, a ci gaba.

Kina ce min, "Afuno, hannunka rariya ne." Da wannan sunan da Barebari ke kiran Bahaushe kika kira ni har ƙarshe, in muna mu biyu. A gaban yara kuwa Malam.

Na daina tsire. Na rage jarida zuwa ta ƙarshen mako. Amma ki sani, Fanna, ba da hujja kika ci ni ba. Na bi ki ne don in na dawo daga makaranta na shigo ɗakin nan, ƙamshin da ke tarbata ya fi min duk abin da na bari a waje.

Da wannan cikin hannun muka sayi fili a Bulumkutu, lokacin da nan bayan gari ne, keke ma bai san hanya ba. Da shi muka yi ɗaki ɗaya, muka ƙara wani, kika dasa darbejiyar tsakar gida tana tsawon sanda. Da shi ɗanmu Bukar ya yi karatu, da shi 'yan'uwansa suka yi. Duk wannan na sani, ba sai wani ya tuna min ba.

Na kuma san shekarun nan na tashin hankali, da danginki suka gudo daga Konduga da abin da ke jikinsu kawai. Gidan nan ya cika har zaure, mata da yara da tsofaffi, ga dokar hana fita, ga kasuwa ba shiga. Kika jawo buhunan nan daga ƙarƙashin gado, ko kallon "ka gani" ba ki yi min ba. Wannan kam na sallama miki. Ranar buƙatar da kike ta ambata ta zo sau ɗaya, kin kuma tare ta a tsaye.

Amma sauran fa?

Bayan an yi addu'ar arba'in, ƙanwarki Kaltum da matan dangi suka buɗe akwatunanki don rabo. Aka kira ni in tsaya. Fanna, lafayar nan mai ruwan ƙasa da na sayo miki da albashin ƙarin girma na farko, tana cikin ledarta. Wadda Bukar ya aiko daga Abuja, ko ninkin kanti ba a warware ba. Tangaran ɗin da aka kawo ki da su, da muka yi ta tashi da su daga gida zuwa gida a naɗe da tsumma, ba wanda ya taɓa cin tuwo a ciki. Duk lokacin da na ce ki sa, ko ki fito da su, amsarki ɗaya ce: "Sai ranar."

Wace rana, Fanna? Ranar da mata za su zauna a ɗakinki suna ɗaga su ɗaya-ɗaya suna yaba idonki? Na ga lafayar nan mai ruwan ƙasa a jikin wata a wurin wani suna. Ta yi mata kyau. Na juyo gida ban ci abincin ba.

Haka zancen Makka. Muna tarawa, kujera tana gudu, muna bi, tana ƙara nisa. Kika ce in mun haƙura za mu cim mata. Ba mu cim mata ba.

Ni ma nawa tanadin haka ya ƙare, kada ki ce ke kaɗai nake tuhuma. Na tara karatu kamar yadda kika tara hatsi. Na zaci ƙasar nan za ta neme shi wata rana. Yanzu littattafan gara ta raba su da ni, yaran da na koya wa taswirar duniya suna wuce ni a titi a mota mai baƙin gilashi, ni kuma lokaci-lokaci a tara mu a rana, mu tsofaffin ma'aikata, don mu tabbatar wa wani yaro mai kwamfuta cewa ba mu mutu ba. Wani lokaci in ya tambaye ni sai in ji ina jinkirin amsawa.

Abokan zaman dandali sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Bukar yana bugo waya, yana turo abin cefane, ba ya fashi, Allah ya yi masa albarka. Amma muryarsa kullum irin ta mai tsaye a bakin ƙofa ce. Sauran suna gidajen mazajensu a wasu garuruwa. Yagana ta koma wurin Kaltum a Yerwa bayan rasuwarki, don ya fi kusa da wurin aikinta, kuma an ce budurwa ba ta zama gidan da ba mace. Takan zo ƙarshen mako ta dafa min abin da zai kai ni kwanaki. Sauran ranakun ni ne da darbejiya.

To a nan kwalbar ta shigo.

Ke da kike juya wuyan riga, abu ɗaya ne ba ki taɓa yi wa ƙwauro ba. In lokacin haɗa turare ya yi, sai ki shiga kasuwa da kanki, ki ƙi na arha. Ki zaɓi itacen sandal, da hawi, da kajiji, da farcen nan da kike jiƙawa kina kankarewa har ƙarninsa ya fita. Ki narka sukari, ki zuba itacen kina juyawa, ki bi shi da turarukan ruwa da ban taɓa riƙe sunayensu ba. Na taɓa yi miki tsiya cewa ashe rariyar gidan nan biyu ce. Kika ce talauci yana iya shiga tukunyar Babarbariya, amma ba ya shiga kaskonta.

Ko a nan ɗin ma sai da kika sa halinki. Ba ki taɓa hura gawayi don turare kaɗai ba, garwashin girki kike ɗiba. Kuma ba ki taɓa bari kwalba ta ƙare ƙaf ba. In ta kusa ƙasa sai ki tsaya, ki rufe, ki jira sabon haɗi. Ranar haɗin, kafin a sauke daga wuta, ki kankare ƙasan tsohuwar kwalba ki zuba a ciki.

Kin gaya min cewa haka mahaifiyarki ta yi miki da za a kawo ki gidana, ita ma haka tata uwar ta yi mata. Kika ce a cikin kwalbar nan akwai ɗan turaren matan da ba ki taɓa gani ba. Na yi dariya a lokacin, na ce in aka bi lissafi abin da ya rage na kakarki bai kai ƙwayar gero ba. Kika ce ai ba ki ce ya kai ba.

'Yan matanki manya duk da haka kika sallame su. Kowacce ta tafi da haɗinki da ƙasan kwalbarki a ciki. Amma kin san su, ba wadda ta riƙe. Wannan ta ce hayaƙi yana tayar wa mijinta da asma, waccan tana sayen na kwali. Nasu ya ƙare tun tuni, sun wanke kwalaben sun zuba yaji.

Haɗinki na ƙarshe a ɗakina yake, don nan kike turara min rigar Juma'a. Da mata suka zo rabo ba su shiga ɗakina ba, ba kuma wanda ya tambaya. Kwalbar ta kai rabi a lokacin.

Juma'ar farko da na tashi ba ke, na ɗauko rigata na ji ba ta ƙamshin komai sai sabulu. Na tsaya da ita a hannu. Sai na nemo kaskonki, na hura gawayi ɗaya, na kifa kabbasa, kwandon nan na turara kaya, na shimfiɗa rigar a kai, na barbaɗa turaren yadda nake ganin kina yi. Hayaƙin ya tashi. Fanna, na juya na kalli ƙofa. Da hankalina, da karatuna, na juya na kalli ƙofa.

Tun daga ranar ya zama aikina na Juma'a da hantsi. Kuma ki ga ikon Allah, mutumin da kika ce hannunsa rariya ne ya zama ya fi ki. Da farko da cokali nake ɗiba. Na koma rabin cokali. Na koma abin da yatsa biyu za su tsinta. Nakan rufe taga da ƙofa, in toshe ƙasan ƙofar da tsumma, kada iska ta raba ni da ko kaɗan. In na ɗiba har zan zuba, sai in ga hannuna ya mayar da wani abu cikin kwalba, ban sa shi ba. Daga baya na koma wata Juma'ar in yi, wata in haƙura.

Duk da haka tana sauka. In na ɗaga ta a hasken taga ina ganin gilashin ƙasa ta tsakiya. Abin da ya rage ya manne a gefe, baƙi, da danƙo. In na ci gaba da tsinta kamar yadda nake yi, zai iya kai ni wani lokaci. Ban san nawa ba, na hana kaina ƙiyastawa.

Sai ga Yagana wata Asabar. Ta gama girki, ta share tsakar gida, ta zo ta zauna a bakin tabarma ta naɗe ƙafa irin zamanki. Ta daɗe tana jan zaren tabarmar. Ta ce Kaltum za ta haɗa mata turaren aure tun yanzu don ya samu watannin kwanciya kafin biki. Sannan ta ce, "Baba, yayyena duk sun tafi da na Mama. Ni kaɗai ce zan tafi da na kasuwa."

Na ce mata zan duba. Ni da na san inda kwalbar take fiye da yadda na san inda maganin hawan jinina yake.

Ta tafi, na zauna ina faɗa da ita a zuci, ina faɗa da ke. Na ce yarinyar nan me ta rasa? Ga miji, ga ƙuruciya, ga biki da ake shirya wa zauren haya da anko da masu hoto, abin da za a kashe a yini ɗaya ya isa ya riƙe gidanmu na Yerwa shekara. Za ta shiga sabon gida mai sabon komai. Ni fa? Ni abin da nake da shi a duniyar nan da ke sa in juya in kalli ƙofa, shi ne za a ɗauka a zuba cikin tukunyar amarya ya ɓace, ya zama ƙwayar geron nan da na taɓa yi miki dariya a kanta.

Na ce kuma wa ya tabbatar min za ta riƙe? In ta yi irin na yayyenta fa? In shekara ta zagayo na je na tarar da yaji a kwalbar?

Bukar ya bugo, da alama labari ya kai masa. Ya ce in ba ta kawai, shi zai aiko min da wanda ya fi shi tsada, irin na ƙasashen Larabawa. Ya ce, "Baba, turare ai turare ne." Na ce masa haka ne. Mu muka biya kuɗin makarantar da ta koya masa hakan.

Yagana ba ta sake tayar da maganar ba. Ta zo Asabar ta gaba, da ta bayanta, ta yi girki, ta gaishe ni, ta tafi. Wannan shirun ma a wurinki ta gado shi, kuma kin san bai taɓa bari na yi barci mai daɗi ba.

Ranar wata Juma'a na hura gawayi, na kifa kabbasa, na buɗe kwalbar. Na sa yatsa, na kasa tsinta. Na zauna ina kallon garwashin yana yin toka. Abin da ya zo min shi ne, a duk zamanmu ban taɓa ganin kin kai inda na kai ɗin nan ba. Da ke ce, tun kwalbar tana da sauran kauri kin rufe ta kin ajiye wa sabon haɗi. Ni na wuce inda kike tsayawa tuntuni. Abin da nake ci yanzu ba rabona ba ne, na tukunya ta gaba ne.

Na tashi in yi wanka in tafi masallaci haka nan. A banɗaki na ɗauki sabulu, sai na ga siririn tsohon manne a bayan sabon. Ni na manna shi da hannuna, ba ke ba, ban ma san ranar da na yi ba. Na daɗe a tsaye da shi.

Kada ki ɗauka na yafe miki zancen lafayoyin. Ban yafe ba. Waɗannan ajiya ce da ba ta je ko'ina ba. Amma na ga kwalbar ba irinsu ba ce, kuma na ga in na riƙe ta, abin da ya fito daga hannun matan da ba ki taɓa gani ba zai zo ya ƙare a hannun wani tsohon Bakano, a ɗaki rufe, da tsumma a ƙasan ƙofa. Ban so a ce a kaina ya tsaya ba.

Na tafi Juma'a ranar da rigar da ba ta ƙamshin komai. Da na dawo na kira Yagana na ce ta zo ta karɓa, amma da sharaɗi ɗaya. Ba a Yerwa za a haɗa ba. A nan za a yi, a tsakar gidanki, a murhunki.

Shekaranjiya suka zo, da sassafe, keke biyu cike da mata da ledoji. Kaltum ta tsufa, Fanna, amma bakinta yana nan. Tun daga zaure ta fara: "Afuno, ashe kai ka zauna a kan turaren 'yar'uwata kamar kaza a kan ƙwai?" Na ce mata gara ni, na san darajarsa, da ita ce da tuni ta ƙone shi a bikin maƙwabta. Aka yi dariya. Rabon gidan nan da dariyar mata har na manta.

Na ɗauki kujerata na koma zaure, amma na bar ƙofar ciki a buɗe. Ina jin turmi, ina jin Barbarci yana tashi kamar ana faɗa alhali hira ce, ina tsintar rabi ina rasa rabi kamar yadda na saba tun zuwana garin nan. Na ji ƙaurin sukari. Na ji sandal ya fara kama wuta.

Da lokaci ya yi aka aiko Yagana ta kira ni. Na shiga ɗaki na ɗauko kwalbar da kaina, na miƙa wa Kaltum. Ta buɗe ta kai hanci, sai bakin nan nata ya mutu. Ta ja gefen lafayarta ta rufe fuska.

Ta sa cokali ta kankare, ta bi gefe-gefe, ta zuba a tukunyar. Ɗan abu ne, Fanna. Juyi biyu ya ɓace. Sannan ta ɗauko turaren ruwa za ta ɗauraye kwalbar don kada a bar komai, kin ji jinin gidanku. Sai Yagana ta riƙe mata hannu. Ta ce, "A bar wa Baba kwalbarsa haka."

Kafin su kwashe, Kaltum ta ɗebi garwashi a kasko ta watsa sabon haɗin a kai, cikin hannu guda cur, wai a ji yadda ya yi. Na kusa cewa ta rage. Hayaƙi ya cika tsakar gida, ya hau darbejiya, ya shiga kowane ɗaki, ya fita titi. Ba taga rufe, ba tsumma. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga ta ce yau kam an tuna mata da Ya Fanna. Ban san ko ke na ji a ciki ba, ko so nake in ji. Ɗanye ne tukuna, yana da kaifi. Amma na zauna a cikinsa har ya lafa, ban tashi na rufe komai ba.

Kafin la'asar sun watse. Suka bar tsakar gida a share, da sawun tsintsiya, da toka a murhu.

Yagana ta cika min wata kwalba daga sabon haɗin ta ajiye min a kan teburi. Kaltum ta ɗaure bakinta da leda ta ja min kunne: kada in kuskura in buɗe sai bayan damina, in ba haka ba ƙamshin ba zai zauna ba. Kin ji, Fanna? Bayan duk faɗan da na yi da ke a wasiƙar nan, ga ni da kwalba cike a gabana an ce min sai ranar. Na yi dariya ni kaɗai har na yi tari. Ban sani ba ko zan same ki a cikinta. Ban ma sani ba ko za ta same ni da rai.

Taki kuwa tana nan a inda take, ba komai a ciki. Yau Juma'a. Da hantsi na ɗauko ta, na murɗa murfin kaɗan, ba duka ba. Kina ciki har yanzu. Na shaƙa sau ɗaya na mayar na rufe da sauri. Gilashi ma ba ya riƙe ƙamshi har abada, na sani, shi ya sa ba zan riƙa buɗewa kullum ba. Ke kika koya min.

Allah ya jiƙan ki, Fanna. Allah ya yalwata miki makwanci, ya sanyaya shi, ya sa ya fi ɗakinmu na Yerwa ƙamshi. Allah ya karɓi kowane cikin hannu da kika mayar buhu, ya ninka miki shi a inda ba a awo. Allah ya zaunar da autarki lafiya a ɗakinta, ya ba ta 'yar da za ta kankare wa ƙasan kwalba. Ni kuma Allah ya sa in cika da imani, ya haɗa ni da ke ba da dogon jira ba.

Roƙo ɗaya nake miki. In an ba ki tufafin can, don Allah ki sa. Kada in zo in tarar kin ninke kin ajiye.

Wassalam.

Mijinki,
Malam Sani, Afunonki,
daga zauren gidanki a Bulumkutu.